Turanci a Gida: An ɗage ne, ko an fasa?

  A watan jiya mun yi magana a kan yadda ake rubuta takardar neman aiki. Yau kuwa za mu tsaya a kan 'yan kalmomi biyu kaɗai, watau "put off". Kada ku raina su don gajartarsu.

Mu da muke koyarwa mun daɗe da lura da wani abu. Dogayen kalmomin Turanci ba su cika ka da yaro ba. In ya ga kalma mai gaɓa huɗu ko biyar, yakan ji tsoronta, ya duba ƙamus, ya haddace ta. Gajerun ne suke shammatarsa, gama yana ganin ya san su tun yana aji ɗaya. Ya san "put" shi ne sa ko ajiye. Ya san "off", yana ganinsa kullum a jikin rediyo da fanka. To, da ya ga su tare sai ya haɗa ma'anar wannan da ta wancan, ya wuce abinsa. Alhali kuwa in sun haɗu sukan haifi wata ma'ana dabam wadda ba ta kama da uwa ba ta kama da uba. A littattafan nahawun Turanci ana kiran irin wannan haɗi "phrasal verb", watau aikatau mai tafiya da ɗan rakiya.

Kada kowa ya ce wannan mugun halin Turanci ne kaɗai. Hausa ta fi shi. Ku duba kalmarmu "sa", wadda ita ce daidai da "put". Muna sa riga, muna sa gishiri a miya. Amma muna kuma sa hannu a takarda, mu sa baki a rigima, mu sa ido a kan yara, mu sa rai ga alkawari, mu sa kai ga aikin ekklesiya, mu sa rana, tsofaffi su sa mana albarka. Baƙon da ya zo Talatar Mafara daga kudu, ya koyi "sa" ya koyi "baki", in aka ce masa liman ya sa baki a maganar, me zai ɗauka? Dole sai an zaunar da shi an gaya masa. Haka ɗanku yake a gaban "put off". Ba a gane irin waɗannan da hasashe, sai an koye su ɗungum, kamar kalma guda.

Ma'anar da ta fi kowace yawa, wadda kuma za ku fi gamuwa da ita a jarida da takardun ofis da na makaranta, ita ce ɗage abu zuwa wani lokaci. In aka rubuto "The meeting has been put off until Friday", an ɗage taron ke nan zuwa Jumma'a. Taron yana nan, ba a soke shi ba, rana ce kawai aka sake. Babbar kalmar da take daidai da ita ita ce "postpone", amma a bakin Turawa "put off" ta fi yawo.

Tana da wata 'yar'uwa mai kama da ita ƙwarai, watau "call off". Nan ne ake yin ɓarna. "Call off" fasawa ce, sokewa ce gaba ɗaya. A Hausa ba wanda zai ruɗe tsakanin "an ɗaga bikin" da "an fasa auren". Na farko sai a ce Allah ya kai mu, na biyu kuwa sai a yi jugum, a fara tambayar abin da ya faru. Amma yanzu da yake 'ya'yanmu da suke Kaduna da Jos da Abuja sun fi son aiko da saƙo ta waya da Turanci, sau da yawa yaron gida ne yake karanta wa iyaye. A ce saƙo ya zo, "The wedding has been put off", yaro ya ga "off", ya tuna da fitila in an kashe ta, ya ce, "Baba, an ce auren ya mutu." Kafin la'asar maganar ta kai gidan surukai, ta kai ƙungiyar mata zumunta. Ga yarinya ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an sa sunanta a bakin duniya, alhali wataƙila kuɗin ɗinki ne bai cika ba aka ƙara wata ɗaya. In kuwa aka juya, aka rubuto "called off" yaro ya ce an ɗage, sai dangi su yi ta tara gudummawar bikin da ba za a yi ba.

Duk wanda ya kai shekarun jefa ƙuri'a a 2019 ya ga wannan bambanci da idonsa. An sa zaɓen shugaban ƙasa ran Asabar 16 ga Fabrairu. Mutane da yawa sun bar wuraren aikinsu sun koma garuruwan da suka yi rajista. Cikin daren, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, sai shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ba da sanarwa an ɗage zuwa 23 ga wata. Wannan shi ne "put off". Haka ma aka yi a 2015 lokacin Farfesa Attahiru Jega, aka ɗaga daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Amma abin da aka yi wa zaɓen 12 ga Yuni 1993 ba ɗagewa ba ne, gama an riga an jefa ƙuri'a sa'an nan aka soke sakamakon, kuma wannan yana da tasa kalmar dabam, "annul". A waje ma haka. Wasannin Olamfik da aka shirya yi a birnin Tokyo na Japan a 2020 an ɗage su zuwa 2021 saboda annobar korona, aka kuwa yi su. Na 1940 da na 1944 kam yaƙin duniya na biyu ya sa aka fasa su sam. Na farko "put off", na biyu "called off". Annobar nan ce kuma ta sa jarrabawar WAEC ta 2020, wadda aka shirya farawa a watan Afrilu, ba a fara ta ba sai 17 ga Agusta.

Akwai kuma ɗagewar da ba ta da rana. In kuka ga "put off indefinitely", to, sai baba ta gani ke nan. Haka aka yi da ƙidayar jama'a da aka shirya yi a watan Mayu 2023, aka ɗage ta ba a faɗi wata rana ba. Don haka in takarda ta zo muku da "put off", ku bi ta da ido ku nemi "until" ko "till" ko "to", gama bayansu ne sabuwar ranar take. In babu su, sai ku aika a tambayo.

Mu a wannan yanki ba ma ɗaukar wannan magana da wasa, saboda abin da ya same mu a 2021. Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A tsakiyar Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, bayan 'yan kwanaki kuma aka katse layukan waya. Yara suka yi watanni a gida. A irin wannan hali, 'yar takardar da aka liƙa a ƙofar makaranta ita ce duk labarin da uba yake da shi. In ta ce "Resumption has been put off", nufinta an ɗage ranar komawa, ba wai an tashi makarantar ba ne, ba kuwa an kori yaron ba ne. Uban da ya fahimce ta daidai zai ajiye littattafai da kayan makaranta, ya sa yaro ya riƙa bita da yamma. Wanda aka karanta masa ita a karkace yana iya yanke ƙauna, ya tura yaron birni neman kuɗi, ko ya fara sauraron masu neman auren yarinya. Ran da aka buɗe makaranta, kujerarta ba kowa.

Kafin mu wuce, ga abin da 'yan jarrabawa za su kiyaye. "Put" ba ta sake kama. Jiya "put", yau "put", an riga an yi ma "put". Kowace shekara sai mun ja jan biro a ƙarƙashin "putted", ba a kuwa san wannan kalma a nan ba. Sa'an nan in wani aikatau ya biyo bayan "put off", dole ya ƙare da "-ing". Ana cewa "He put off paying the fees", ba a cewa "put off to pay". In kuma abin da aka ɗage an ambace shi da "it" ko "them", tsakiya yake shiga: "We put it off". Yaron da ya rubuta "We put off it" ya yi asarar maki. Amma in suna ne cikakke, ko'ina ya zauna daidai ne, "put off the journey" ko "put the journey off".

Ma'ana ta biyu tana fitowa sa'ad da abin da ya shiga tsakiya mutum ne. "He keeps putting me off." Ba a ɗage mutum kamar taro, amma ana yi masa jeka-ka-dawo, ana ja masa rai. Kowane mai bin bashi ya san wannan. Ka je ran Talata, ranar kasuwa, ya ce ciniki bai faɗa ba tukuna, ka dawo da yamma. Ka dawo, a ce ya fita. Bai ce ba zai biya ba, bai kuwa biya ba.

Tsofaffin manoman wannan ƙasa sun san ɗacin wannan ma'ana tun kafin su ji ta da Turanci. Sa'ad da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka kuma karɓi waɗansu filaye don a daidaita su a haƙa hanyoyin ruwa. Aka yi wa mutane alkawarin diyya da sababbin gonaki. Biya ya yi ta jinkiri, waɗansu suka rasa noman shekara da shekaru, har haƙuri ya ƙare suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da yawa a Birnin Tudu da kewaye. In ɗalibi yana so ya ba da wannan tarihi da Turanci a taƙaice, zai ce "The farmers were put off again and again". A nan ba wani taro aka ɗage ba, mutane ne aka yi ta mayarwa gida hannu wofi.

A Littafi Mai Tsarki ma akwai gwanin wannan hali, watau gwamna Filikus, cikin Ayyukan Manzanni sura 24. Aka kawo ƙarar Bulus gabansa a Kaisariya, ya ƙi yanke shari'a, ya ce sai shugaban sojoji ya zo. Juyin Turanci na Revised Standard Version, wanda 'ya'yanmu suke amfani da shi a darasin addinin Kirista don jarrabawa, da "put off" ɗin nan ya faɗi abin da Filikus ya yi wa masu ƙara, a aya ta 22. Daga baya da Bulus ya yi masa magana a kan adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa, ya tsorata, ya sallame shi sai ya sami zarafi. Yana kuma sa rai Bulus zai ba shi kuɗi. Shekara biyu Bulus yana tsare, har aka sake gwamna.

Ma'ana ta uku ita ma da mutum take tafiya, amma a zuciya take aiki, watau a sa abu ya fita wa mutum a rai, ko a kashe masa gwiwa. "The smell put me off my food", warin ya sa abincin ya fita mini a rai. Mace mai ciki ko mai zazzaɓi tana iya jin ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ta ko maganin ya yi mata haka. "His harsh words put the boy off school", zafin bakinsa ya sa yaron ya tsani makaranta. Wannan jimla, mu malamai da ku iyaye, ya kamata mu karanta ta sau biyu. In kuma aka ce wa ɗalibi "Don't be put off by the first question", ana nufin kada tambayar farko ta karya masa zuciya, ya ci gaba. Daga nan ne aka sami sifar nan "off-putting", abin da ba ya jan rai. Kusa da ita akwai ɗauke hankali: mai karatu ya ce wa ƙannensa "You are putting me off", watau surutunku yana raba mini hankali.

Yaya za a bambanta wannan da ta biyu, tun da duka "put me off" ne? Sai a duba wanda ya yi aikin da abin da ya biyo baya. In mai bashi ne ko ma'aikacin ofis, aka kuma ga "until tomorrow" ko "with excuses", jan rai ne. In wari ne, ko tsada, ko mugun hali, to, fita rai ce.

Akwai waɗansu ƙananan ma'anoni da za mu ambata mu wuce. Direba yana iya sauke fasinja a hanya, "He put me off at Lambar Bakura", ko da yake a nan ƙasar "drop" muka fi ji. Masunta kuma in sun tura kwalekwale daga gaɓa sun shiga ruwa, kamar yadda ake yi a tafkin Bakolori, tsofaffin littattafan labarin teku sukan ce "they put off from the shore".

Yanzu sai mu zo ga wadda take cikin kowane gida. "Put off the light." "Put off the generator." Ba ranar da ba ma jin wannan, har a bakin masu digiri. Dalilinsa a fili yake. "Put on the light" Turanci ne mai kyau, sai hankali ya ba mutum cewa kishiyarsa "put off" ce. A waɗansu sassan Biritaniya ma akan ji shi a baki. Mu dai ba ma ganin laifi ne babba in uwa ta faɗa wa ɗanta haka a tsakar gida, gama ya gane, fitila kuwa ta mutu. Amma littattafan da ake shirya yara da su don jarrabawa suna lasafta shi cikin kurakurai, saboda haka a takarda a rubuta "switch off" ko "turn off" ga duk abin da yake da makunni. Ga abin da yake da harshen wuta kuwa, kamar aci-balbal, ko kyandir, ko wutar murhu, ko gobara, "put out" ake cewa. Haka kuma tufafi. Ana "put on" riga, amma in za a tuɓe ta sai "take off". Yaron da ya rubuta "I put off my uniform" a Turancin yau, mai dubawa zai yi murmushi, gama kamar ya ce ya ɗage rigarsa zuwa mako mai zuwa ne.

To, amma a nan wani ɗalibi mai kaifin kai zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai a Littafi Mai Tsarki na gani." Gaskiyarsa kuwa. A Fitowa 3:5, inda Allah ya umarci Musa ya tuɓe takalmansa a gaban kurmin da yake cin wuta, juyin Sarki Yakubu na 1611 da "put off" ya faɗe shi, Revised Standard Version na 1952 ma ya bi sawunsa. A zamanin da aka yi juyin farko, haka Turawa suke cewa in za su tuɓe tufa. Harshe ya yi tafiya ya bar wannan ma'ana a baya, shi ya sa juyin New International Version na 1978 ya sa "take off" a wannan aya. Muna kyautata zaton karatun tsohon juyin nan a makarantun mishan yana cikin abin da ya sa "put off your shoes" ya zauna daram a bakin mutanen ƙasarmu.

Wannan tsohuwar ma'ana ba abin yarwa ba ce, dole mai karanta Littafi da Turanci ya san ta. A Afisawa 4:22 da Kolosiyawa 3:9 Bulus yana kwatanta halinmu na dā da tsohuwar riga wadda ake tuɓewa a yar, a yafa sabuwa. Juyin Turanci da yawa, da "put off" suka faɗi wannan tuɓewa. Ku duba abin da zai faru in saurayi ya zo wa ayar da ma'anar da ya koya a aji. Zai karanta cewa a ɗage tsohon hali, a jinkirta shi zuwa wani lokaci, a ajiye shi kamar taron da za a koma kansa ran Jumma'a. Ya juya ayar ta koma kanta ƙasa ke nan. Ga shi a Littafi ɗaya, juyi ɗaya, kalmomin nan biyu sun faɗi abin da Filikus ya yi, sun kuma faɗi abin da Bulus ya ce mu yi, alhali tsakaninsu kamar gabas da yamma ne. Shawararmu ga matasan da suka fi son karatu da Turanci ita ce su riƙa ajiye na Hausa a gefe. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu, in aya ta yi musu duhu a can, su leƙa nan. Masu fassara wa'azi a sujada, inda ake haɗa Turanci da Hausa saboda baƙi ma'aikata da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, su ma sai su yi hattara da wannan wuri, gama mai fassara ba shi da lokacin duba ƙamus.

Ga aikin gida na wannan wata. Bayan addu'ar yamma, uba ko uwa su sa yara su juya waɗannan zuwa Turanci: an ɗage sakin ruwa a hanyoyin ruwan Bakolori zuwa mako mai zuwa, an fasa wasan ƙwallo tsakanin Bakura da Maradun, mai shinkafa yana ta yi mini jeka-ka-dawo, tsadar taki ta sa noman rani ya fita wa kawuna a rai, kashe fitilar ƙwai kafin ka kwanta, Ladi ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa. Uku daga cikinsu ne kaɗai suke karɓar "put off". Wanda ya gama ya aiko mana ta hannun fastonsa ko mai rarraba mujalla, ya rubuta ajinsa da garinsa. Za mu buga amsoshin a wata mai zuwa in Ubangiji ya yarda, sa'an nan mu ɗauki "put up" da "put up with".